Abin da Baba Ya Ce Ba a Gadonsa

Masu tambayar ina Ladi ta shiga, ga ni. Ba fushi na yi da ku ba, jinya na yi.

Da zazzaɓi ya fara, sai ciwon ciki. Na yi abin da mu 'yan Samaru muka ƙware a kai: na tafi kemis. Aka ce taifod ce, aka ƙulla mini ƙwayoyi a leda. Na ci gaba da ɗinkina, har bitar waƙar zumuntar matan cocinmu na je ina dafe da ciki.

Ranar da cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, maigidana ya kai ni asibiti. Gwajin jini, hoto, ƙarin ruwa. Likita ya ce, "Hanjinki ya huje. Yau za mu yi aiki." Kuɗin kuwa, matan zumunta ne suka rufa mana asiri.

Na tsorata ƙwarai. Na aika a ɗauko mini zanen zumunta, don a cocinmu da shi ake rufe mace in ta rasu. A tunanina, in aka lulluɓe ni da shi magana ta ƙare. Ai kakana ne ya fara barin tsafi ya bi Yesu a gidanmu na Bomo.

Baba ya zo daga gona, ƙafa duk laka. Ya dubi zanen a kan gado.

"Ladi, wannan fa?"

"Shirin ko-ta-kwana ne, Baba."

"Zane kika shirya. Ke fa? An sake haihuwarki?"

Da ciwon da komai sai da na ji haushi. "Haba Baba, jikar wa ce ni?"

"Kakanki don kansa ya tuba. Ni ma sai da na durƙusa don kaina. Gona zan bar miki, 'yata. Wannan ba a gadonsa."

Sai ga nas ta shigo. Ta cire mini ɗankwali da 'yan kunne, ta miƙa wa maigidana zanen. Ana tura ni zuwa ɗakin tiyata ina kallon silin. Waƙoƙin Yesu cike da bakina, amma ban taɓa ce masa "na yarda" don kaina ba. In na mutu a kan teburin nan, ina za ni?

Na ce, "Yesu, ban zo da komai ba. Ka gafarta mini, ka mai da ni sabuwa."

Tsoron bai tafi duka ba, amma na daina jin ni kaɗai ce.

Na farka da roba a hanci. Na daɗe kafin a yarda in kurɓi koko, ɗinkin cikin ma ya ba ni wahala. Yanzu ina takawa har bakin titi.

Na gode wa Ubangiji, da likitocina, da maigidana, da Baba da bai ji kunyar tambayata ba.

Zazzaɓin da ya zo da ciwon ciki, ku bar kemis ku je a gwada. Tambayar Baba kuma, ku amsa ta tun kuna tsaye da ƙafafunku. Hanyar ɗakin tiyata ba ta da tsawo.