Sunayen da Baffa Sale Ya Soke

A shekarar da fari ya ƙone gonaki tun daga Marwa har bakin Binuwai, ina 'yar shekara tara. Muna zaune a unguwar Hausawa ta Garwa, gida guda da kakata Iya Tabawa da 'ya'yanta biyu maza. Babana ne babba. Fataucin hatsi yake yi: da kaka ya bi kasuwannin Bibemi da Ngong ya sayi dawa da gero, ya jibge a sito, sai ya yi tsada ya buɗe. Ƙanensa kuwa, Baffa Sale, shi kaɗai ne ɗan boko a zuriyarmu. An tura shi Rasha karatun noma, ya dawo da wata ƙatuwar kwat da ba ta sawuwa a zafin Garwa, aka ba shi kujera a biron aikin gona, wato ofishin gwamnati. Ni aka sa wa sunan Iya, don haka Uwata Baffa yake kirana.

Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, ɗan garinmu, kuma rediyo ba ta da zance sai na filan, wato tsarin shekara biyar da gwamnati ke tsarawa na abin da za a noma da abin da za a gina. Manya ba sa taɓa zancen gwamnati a waje. A cikin gida kuwa, a kan akushi guda, Baba da Baffa ba su da wata hira.

"Yaya, a can burodi kuɗinsa ɗaya ne ko'ina ka je," in ji Baffa. "Gwamnati ce mai gona, ita ce mai shago. Ba wanda zai rufe abinci a ɗaki yana jiran mutane su rame."

"Ba kai ka ce kun yi layi tun asuba don takalmi ba, da aka kai kanka aka ce ya ƙare?" in ji Baba. "Inda ba a tayawa, wa zai sha wahalar kawowa?"

Da can dariya suke yi su wanke hannu. A shekarar nan ba wanda ya yi dariya. Baƙi sun cika gari, mutanen arewa da dabbobinsu suka mutu, suna kwana a gindin itatuwa kusa da gada. Wani maraice Baffa ya ce hukuma za ta yanka wa hatsi farashi, kuma za a buɗe duk siton da aka rufe. Baba ya tsame hannunsa daga tuwo ya ce, "Har da nawa?" Baffa ya ce, "Har da naka, Yaya." Baba ya tashi ya shige ɗakinsa. Baffa ya ja tabarmarsa bayan zana ya zauna shi kaɗai.

Iya tana jin su duka. Lokacin sanyi ne, kuma bayan sallar isha takan hura wuta da karan auduga a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Wutar karan auduga ba ta daɗewa, sai an yi ta ƙarawa, shi ya sa tatsuniyoyin Iya ke da tsaye-tsaye. Takan dakata a daidai wurin da ranka ke rataye, ta karya kara a gwiwarta, ta tura a wuta, ta jira ya kama. A daren nan ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri."

Muka ce, "Ta zauna mu ji."

Ta ce akwai wasu garuruwa biyu da ke kallon juna, kogi a tsakaninsu. Na wannan gaɓa sunansa Garin Ciniki. Kasuwarsa ba ta tashi, abin da duk kake nema akwai, in dai kana da wuri a hannu. Na waccan gaɓa Garin Rumbu. Can babu kasuwa ko ɗaya. Sarki ne ke faɗin abin da kowa zai shuka, in an girbe a kai rumbu guda a tsakiyar gari, kullum safiya mai kira ya kira sunan kowa, mai awo ya zuba masa mudu ɗaya.

Aka yi yunwa. A Garin Ciniki akwai wata mace, Delu, mijinta ya rasu ya bar ta da goyo. Hatsi na nan tuli-tuli a kasuwa, amma kullum kuɗinsa hawa yake. Ta sayar da akuyarta, ta sayar da tukunyarta, ta sayar da zanen da take zuwa biki da shi. Ranar da ba ta da sauran abin sayarwa ta je gaban mai hatsi ta buɗe tafin hannunta. Ya duba ya ce, "Baiwar Allah, ba ni na hana ki ba. Kuɗinki ne bai kai ba."

Da ɗan abin da ke hannun nata ta biya mai jirgi, ya haye da ita Garin Rumbu. Ta tarar da gari tsit. Ba mai talla, ba hayaƙin tsire, ba mai gardama da wani. Da asuba ta bi layi har rana ta take. Da aka kai kanta mai kira ya ce, "Ke wa?" Ta ce, "Delu." Ya lissafa sunaye a ransa, sannan ya ce, "Babu ke."

Wata tsohuwa ta ja ta gefe, ta kai ta gida, ta rufe ƙofa. Ta nuna mata wani wuri a ƙuryar ɗaki inda daɓe ya yi sabo. "'Yata Hajo tana nan ƙasa," in ji ta. "Ba mu faɗa wa kowa ba. Gobe in an kira Hajo, ki amsa."

Nan Iya ta tsaya ta karya kara. Na tuna ƙanena ya cusa kansa cikin zanena, kuma na ji tabarmar Baffa ta motsa a bayan zana.

Delu ta amsa sunan Hajo, aka zuba mata mudu, ta ci, nono ya dawo mata. Da ta kwana biyu sai ta gane ba ita kaɗai ba ce. Ga tsoho yana amsa sunan yaro, ga mace tana kaurara murya tana amsa sunan mijinta. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Shi kuwa sarki, da ya tambaya sai a ce masa gari cike yake, rumbu cike yake, don wanda ya taɓa faɗin akasin haka ba a sake kiran sunansa ba. Mudu dai kullum ƙanƙancewa yake, ba a ce an rage ba.

Wata safiya aka kira, "Hajo!" Delu ta buɗe baki ke nan, sai ta ji an ce "Na'am" daga bayanta, dab da kunnenta. Ta waiwaya, ba kowa. Mai awo bai ko ɗaga kai ba. Ya juye mudun a gefenta, kuma hatsin bai taɓa ƙasa ba.

Ta kwasa da gudu, goyo na rawa a bayanta, har bakin kogi. Ga mai jirgi yana zaune. Ya ce, "Kuɗin fito?" Ba ta da shi. Ya ce, "To 'yar wane gida ce ke a can, in bi ki in karɓa? Me sunanki?" Ta tsaya. Ta nemi sunanta a bakinta ta rasa. Sai ta shiga ruwa da ƙafa, ta kai wani tudun yashi a tsakiya, daga nan gaba zurfi, baya kuma ba ta komawa.

"Har yau," in ji Iya, "masunta in ruwa ya janye sukan ga sawun mace a yashin nan, yana zagaye, bai nufi ko wace gaɓa ba."

Na ce, "Iya, to wane gari ya fi?"

"Ni na ce miki na zauna a cikinsu?"

"Jaririn fa?"

Ta tone garwashi da kara. "Ba a ba ni labarinsa ba," in ji ta. "Tatsuniya ta ƙare, ta koma inda ta fito. Ku je ku kwanta, ku yi addu'a."

Bayan mako guda aka buɗe siton Baba, 'yan sanda na tsaye, aka auna hatsinsa a farashin hukuma. Kwana uku mutane na sa wa Baffa albarka a hanya. A na huɗu na bi uwata kasuwa, muka tarar da rumfunan hatsi wayam, sai tabarmi a naɗe. Fatake sun daina kawowa. Abin da ya rage a ƙauyuka ya riƙa bin jeji a kan jakuna yana haye iyaka, inda ba mai yanka masa kuɗi, kuma na san har da hannun Baba a ciki, don ya yi ta tafiye-tafiyen da ba a faɗa mana inda ya nufa. Daga baya hatsin taimako ya iso a manyan motocin kamiyo, aka ce sai da suna a takarda. Aka tura Baffa ƙauyukan wajen Bibemi ya kula da rabo.

Ya dawo bayan wata biyu ya zama wani mutum daban. Ya daina zancen Rasha. Bai sake cin abinci a akushi ɗaya da Baba ba, kuma da damina ta faɗi ya nemi a mayar da shi Tibati, can nesa. Iya ta rasu bayan shekara uku. Sun tsaya kafaɗa da kafaɗa a sallar gawarta, suka juya kowa ya kama hanyarsa. Baba bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Sau ɗaya tak na tuna masa da tatsuniyar, ya ce, "Ai da Sale take." Amma hatsi bai ƙara sayarwa ba, ya koma kan fata da ƙiraga har ya mutu.

Na girma, na yi aure, na yi koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, har na riƙa karantar da yara bambancin ƙasar da kasuwa ke yanka farashi da ƙasar da gwamnati ke tsara komai. A allo abin a fili yake, layi a tsakiya, wannan nan, wancan can. Na ga lokacin da ita Rashar ta watse, na ga lokacin da tamu gwamnatin ta janye hannu ta bar kowa da kasuwa, na ga waɗanda suka yi arziki da waɗanda suka sayar da kwanon rufinsu. Duk wannan bai sa na gane abin da Iya take nufi ba, sai da na je Tibati duba Baffa, ya tsufa, idonsa ya fara dushewa.

Muna zaune a inuwar mangwaro da hantsi, matarsa tana gyaran kifin tafkin Mbakawu, sai ya ce, "Uwata, kin tuna Delu?"

Na ce na tuna.

"Ina jin ta a daren nan tun daga farko har ƙarshe. Na ɗauka da babanki take."

Sannan ya faɗa mini abin da bai faɗa wa kowa ba. A wani ƙauye ya tarar da takardar mai gari ta fi mutanen da ke gabansa yawa. Ya bincika, ya gano sunaye tara na mutanen da suka daɗe da mutuwa. Ya ɗauka sata ce. Ya tara jama'a, ya kunyata tsohon, ya ja jan biro a kan sunayen ɗaya bayan ɗaya. Mai garin bai kare kansa ba, ya ce kawai, "Ranka ya daɗe, ka ƙara dubawa." Baffa ya ce ya duba.

Da ya sake zagayowa bayan sati uku, wani manomi ya kai shi bayan gari ya nuna masa bukkoki uku na kara, babu kowa a ciki. Baƙi ne daga arewa, mata da yara da wani tsoho makaho. Ba 'yan ƙauyen ba ne, ba su da takardar kowa, ba su da ko sisi. Da sunayen matattun nan mai gari ke karɓar musu rabo. Da aka soke, sun jira kwana biyar, sannan suka ɗaure kayansu suka nufi kudu.

"Na bi hanyar da keke har Ngong ina tambaya," in ji shi. "Ba wanda ya gan su. Kuma ko an gan su, wa zan ce ina nema? Ban san sunan ko ɗaya ba."

Na ce, "Baffa, aikinka ka yi."

"Shi ne ai," in ji shi. "Babanki ma aikinsa ya yi."

A ranar na gane Iya ba alƙalanci ta zauna yi tsakanin 'ya'yanta ba. Ta san kowannensu yana da gaskiyarsa, ta kuma san kowannensu yana da ƙofar da zai rufe ya kwana da zuciya fara, wannan don kuɗi bai kai ba, wancan don suna bai fito ba. Tsoronta shi ne mutumin da zai zo ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Ta faɗa musu iyakar yadda uwa ke iya faɗa wa manyan 'ya'ya, kowannensu kuma ya ji ya miƙa wa ɗan'uwansa.

Sunayen tara da ya soke kuwa ba su bar Baffa ba. Ya ce bayan kowace salla yakan jero su. Kafin in taho ya jero mini su sau biyu, a hankali, yadda ake koya wa yaro karatu, ni kuma ban rubuta ba, don na ji nauyin ɗauko biro a gabansa. Ya rasu a daminar da ta biyo. Yanzu huɗu kaɗai suka rage a kaina: Buba, Asta, Hammadu, da wata Dudu. Ina ambatonsu bayan sallar asuba. Ban san ko matattun nake wa addu'a ba, ko waɗanda suka ci abinci da sunansu. Na bar wa Allah ya raba.