Kaburbura Marasa Suna a Bakin Teku

Akwai wata safiyar Laraba da ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Mahaliccina. Abin mamaki, a hutu ta same ni, lokacin da na fita neman nishaɗi.

Shekarar nan aiki ya sha mini kai. Ni injiniya ne, muna zaune a unguwar Erdington cikin Birmingham a Ingila, da matata da 'yarmu guda, amma kusan kullum ina kan hanyar Manchester saboda wani gini da muke kula da shi. Wani abokina likita da ke unguwar Rusholme a can Manchester ne ya dube ni wata rana muna cin abinci, ya ce, "Malam, ka rame fa. Ɗauki iyali ku je ku sha iska." Shi ya kwatanta mini wani tsohon gari a kudancin Italiya, a bakin Bahar Rum. Da aka ba yara hutu muka shirya muka tafi.

Garin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ganuwar dutse ce ta kewaye shi, lungunansa ƙanana kamar na cikin birnin Kano, tsofaffin mata na shanya kaya ta tagogi. Ruwan kuwa garau, har duwatsun ƙasa kana gani. Kwana biyu ba abin da muka yi sai cin gasasshen kifi da ɗaukar hoto, 'yata na gina gidajen yashi igiyar ruwa na rushe mata.

A rana ta uku muka hau tsohuwar hasumiyar da ke saman garin. Wajen saukowa muka ɓata hanya, sai ga mu a ƙofar maƙabarta. Har mun juya, wani tsoho riƙe da bokiti da tsintsiya ya ɗaga mana hannu. Ya kalli hijabin matata, ya kalli hulata, ya yi ta magana da harshensu. Ba ya jin Turanci, don haka na ciro waya, yana faɗa tana fassara mana.

"Ku Musulmi ne?" in ji shi. Na ce e. Ya ce, "Don Allah ku biyo ni."

Muka ratsa manyan kaburbura masu hotuna da furanni, har can ƙarshe jikin katanga. Waɗanda ke nan daban suke: ƙananan faya-fayan siminti a jere, ba hoto, ba suna, sai lamba da shekara. Amma wurin a share yake tas. Tsohon ya ce a da shi masunci ne. Waɗannan mutane daga teku aka tsamo su, jiragensu sun kife a hanyar ƙetarowa daga Afirka, wasu ma da hannunsa ya jawo su.

"Mun binne su yadda muka iya," in ji shi. "Ina jin da yawansu masu addininku ne. Ni ban san abin da ake faɗa musu ba. Na daɗe ina jiran wanda zai zo ya faɗa."

Akwai abin da na daɗe ina gudu, sai ga shi a gabana. Ina da ƙani, ɗan gwaggona, gida ɗaya muka tashi, kwano ɗaya muka ci. Bakanike ne a Kano, mai hannu sosai. Shekara shida kafin wannan rana ya bi ta Agadez ya shiga Libiya. Saƙon murya na ƙarshe da ya turo, cewa ya yi gobe za su hau ruwa, a taya su da addu'a. Daga nan shiru. Gwaggo ta riƙa kirana tana cewa, "Kai da kake Turai, ka ɗan bincika mini mana." Ita a ganinta Turai gari ɗaya ne, ka tambayi wannan ya nuna maka gidan wancan. Na yi ɗan ƙoƙarina da farko, ban samu komai ba. Daga baya, ina jin kunyar faɗa, na daina ɗaukar wayarta. Sai dai in aika gaisuwa ta bakin mahaifiyata.

Na durƙusa na ɗaga hannu, matata ta tsaya a bayana. Na karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, na roƙa musu gafara da rahama. Tsohon ya cire hularsa ya sunkuyar da kai har na shafa. Sai 'yata ta ja rigata, ta tambaye ni da Turancinta na Birmingham, "Abba, me ya sa ba su da suna?" Na ce, "Suna da suna. Iyayensu sun san shi."

Ranar ban iya kusantar ruwan nan ba. Mutane na ninƙaya suna dariya, ni kuwa na zauna a gindin ganuwa ina juya waya a hannu. Matata ta ce, "Kira Gwaggo kawai. Ko ba ka da abin faɗa, kira ta."

Bugu biyu ta ɗauka. "Ɗan nan, kai ne? Lafiya kuwa?" Ba ta yi mini ƙorafi ba ko kaɗan, wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na gaya mata inda nake da abin da na gani. Na ce, "Gwaggo, ban ce yana cikinsu ba. Ban sani ba, wallahi."

Sai ta ce, "An rufe su da kyau?" Na ce an rufe su, har akwai mai share wurin. Ta ce, "Ka yi musu addu'a?" Na ce na yi.

"To, alhamdu lillahi. Ko ba nawa ba ne, na wata ne." Na ji tana jan hanci. "Ni da ma ba cewa na yi sai ka samo shi ba. So nake in san akwai wanda bai manta da shi ba bayan ni."

Har yau ba mu ji labarinsa ba. Amma tun da muka dawo Birmingham, duk Juma'a sai na kira Gwaggo. Wani lokaci mu yi hirarsa, mu tuna ɓarnarsa ta ƙuruciya har ta yi dariya. Abin da na koya shi ne, wanda ke cikin baƙin ciki ba lallai amsa yake nema a wurinka ba. Na ɓata shekaru ina guje wa tsohuwar nan don ba ni da abin da zan gaya mata, alhali abin da take so bai wuce in ɗauki waya in ambaci sunan ɗanta tare da ita ba.