Zangarniya Yab Ba Ni, Kara Nik Kai

Bana shekara tara ke nan da munka kai Baba Nomau makwancinshi. Kakana ne, uban uwata. Ni kuwa duk mai shiga tashar Sabon Birni ya san ni, Lawwali mai kabu-kabu, wanda in ya ɗauke ka sai ka biya kuɗin hawa kuma ka sha tsokana kyauta. Aji uku na sakandare nit tsaya, saboda haka mai gyaran jarida shi yi haƙuri da rubutuna. Yau dai ba wasa yak kawo ni ba, ko da yake bakin ya saba.

Baba ba hakimi ba ne, ba mai unguwa ba ne. Rawaninshi guda, shi ma ya fi kama da tsumman goge babur, kuma na sha gaya mishi haka. Amma a ƙauyenmu, can tsakanin Sabon Birni da Isa, in rigima ta tashi tsakanin mai gona da mai shanu, ƙofarshi ake zuwa.

Shi da Arɗo Buba, babban rugar da ke bayan fadamarmu, suna da wani tsari tun suna samari. In an ƙare girbi, manoma na sakin gonaki, shanu su ci kara su bar muna taki. Baba ke sanar da ruga lokacin, kuma ba da takarda ba. In ya aika da kara tsirara, to an ƙare, a kawo shanu. In ya aika da zangarniya da tsabarta, to akwai sauran amfani a gona, a dakata. Shekara da shekaru ba a taɓa samun kuskure ba, sai da saƙon yab biyo ta hannuna.

Shekarar ta fari ce. Ruwa yaɗ ɗauke tsakiyar damina, gero yaƙ ƙone a tsaye. Abin da yat tsira dawar fadama ce, ita ma ta makara. Shanun Arɗo kuwa daga nesa kana ƙirga haƙarƙarinsu. Kowa a matse, kowa idonshi ja.

Ran nan da safe Baba yak kira ni.

"Kai, ɓarawon matata, taho nan."

"Tsoho, matar da ta riga ta zaɓe ni? Kai ko haƙorin cin goro ba ka da."

Yam miƙo mini zangarniyar dawa, cike da tsaba, shina ta bayani. Ni kuwa hankalina na can wajen kakata Inna Hajo, ina gaya mata ta shirya za ni gudu da ita Sakkwato bisa babur mu bar mishi akwatin rediyo shi aura. Cikin duk abin da yac ce, guda kaɗai nij ji: "Ka kai wa Arɗo, hannu da hannu."

Ina fita nis samu mai zuwa Isa da buhun albasa. Nic ce ruga ba gudu za ta yi ba. Niɗ ɗaure zangarniyar bayan babur, munka tafi. A Isa nit tsaya wurin mai shayi ina gardamar ƙwallo. Ko da nid dawo, ga wata akuya ta ɗora ƙafafu bisa babur ta share tsabar tas. Wallahi dariya niy yi. Har nic ce mata, "Hajiya, a ƙaro ruwa?" Da la'asar nig gamu da Jaɓɓi, ɗan Arɗo, bisa burtali, hanyar shanu, nim miƙa mishi guntun karan da yar rage, nic ce ga saƙon tsoho, niy yi gaba.

Washegari shanu sunka shiga fadama. Gonar Haruna ce farko, maƙwabcinmu mai iyali cike da gida, wanda ba shi da ko damin gero guda a rumbu. Kafin hantsi dawarshi ta zama labari. Haruna yas sari saniya, Jaɓɓi yak karya hannun ƙanen Haruna da sanda. Kafin azahar samarinmu sun fito da gatura da baka. Wani har shina ihu wai tun yaƙin Alƙalawa, zamanin jihadi, Fulani ke muna haka, mutumin da ko hanyar Alƙalawa bai sani ba, kuma jiya-jiya nig gan shi shina shan nonon rugar.

Baba yaɗ ɗauki buzunshi yash shimfiɗa tsakiyar burtali yaz zauna. Yac ce duk mai son wucewa shi tsallake shi. Ba wanda yat tsallake. Anka kira Arɗo, anka kira Haruna. Arɗo yaz zaro karan daga aljihu.

"Nomau, wanga ba saƙonka ba ne?"

Baba yak karɓa shina jujjuyawa. Ga sawun haƙori a kai, ga 'yar tsaba biyu-uku da ta maƙale. Ina tsaye baya, jingine da babur. Yaɗ ɗaga kai yad dube ni sau guda, yam maida kai.

"Saƙona ne," yac ce. "Tsufa ne yak kama ni. Zangarniya za ni ɗauka niɗ ɗauki kara. Haruna, shanu ba su da laifi, Buba ba shi da laifi. Ga mai laifi nan zaune."

Yas sa anka buɗe rumbunshi anka kwashe ɗan abin da ke ciki anka kai gidan Haruna. Arɗo yab ba Haruna saniya guda a tatsa har damina, yaɗ ɗauki nauyin ɗorin hannu. Anka yi fatiha. Ba wanda yam mutu. Mu kuwa gidanmu ranin nan gayan kunu munka sha sau guda a wuni.

Ni mai baki, ni da ko limami ban ƙyale ba, ran nan ko tari ban yi ba.

Da shirun kaɗai ne, da sauƙi. Anka fara cewa Nomau ya ruɗe. Anka sa mishi suna Baba Kara. A tasha in anka ɗauko zancen, ni ma dariya nike, don kada a ga na yi shiru a tambaye ni dalili. Wata rana har nit tashi nik kwaikwayi tafiyarshi da sanda, mutane na faɗuwa don dariya. Tun da nike ban taɓa yin wasan da anka yaba kamar wannan ba, kuma shi ne wanda har gobe in na tuna sai abinci shi fita raina.

Bayan shekara biyu fari yas sake dawowa, rigima ta tashi kan rijiya. Baba yaf fito da buzunshi kamar kullum. Wani saurayi yac ce, "Tsoho, koma gida, kada ka sake aika muna kara." Anka tsallake shi. Wannan karon an zubar da jini. Arɗo Buba yak kwashe rugarshi yaƙ ƙetara Nijar, waɗanda sunka zo bayanshi kuwa ko sunan ubanninsu ba mu sani ba, su ma ba su san namu ba.

Kada a ce na ce akuyar Isa ce ta kawo muna bindiga. Akwai fari, akwai burtalin da munka nome, akwai hukumar da ba a ganin ta sai an yi gawa, akwai makamai masu shigowa ta iyaka. Waɗanga duk sun fi ƙarfina. Amma garinmu na da mutum guda da ɓangare biyu ke jin maganarshi, kuma ni nik karya shi. Da hannuna, sannan da bakina.

Yanzu in na ɗauki mutum zuwa Isa, ba tsokana, daga ni har shi addu'a muke. Gonar fadama sai an nemi izinin 'yan bindigar daji kafin a girbe. Nakan ga taron sulhu cikin gari, manyan riguna, ruwan gora, ɗaukar hoto. Sai in ce da Baba na nan, mi za shi ce? Na san shi. Za shi tauna goronshi da dasashi shi ce, "Lawwali, cikin waɗanga wa za shi ce laifina ne?" Kowa ya zo da lissafin abin da anka yi mishi. Ban taɓa jin wanda yaz zo da abin da shi yay yi ba.

Kwana uku kafin Baba shi cika, da rana tsaka, niz zauna gefen tabarmarshi nic ce, "Tsoho, akwai wata magana."

Bai buɗe ido ba. Yac ce, "Akuyar dai ta ƙoshi?"

Nif fashe da kuka kamar mace ta yi ɓarin mai. Nic ce don mi yay yi haka. Yac ce ran nan gatura na hannu, kuma suna neman wuya. "Tsoho in ya yi kuskure dariya ake mishi. Kai da sara za a yi. In gari ya huce ka faɗa."

Gari bai huce ba, ni kuwa nis samu wurin fakewa, shekara tara. Sai watan jiya ɗana yad dawo daga makaranta ya yi dambe, leɓe a fashe. Wai an ce mishi jinin Baba Kara, gidan ruɗaɗɗu. Yat tambaye ni ko gaskiya ne kakanmu ya ruɗe. Nid dubi leɓen, nic ce a raina fakewa ta ƙare.

Baba bai bar rawanin sarauta ba, bai bar gona mai faɗi ba. Ya bar mutanen da ke yawo yau da 'ya'yansu, namu da na ruga, waɗanda da an binne su ran nan. Ya bar ni. Sunanshi yab biya da shi, kuma shi ne nike son maidawa.

Na je gidan Haruna shekaranjiya na gaya mishi. Bai miƙo mini hannu ba. Ya yi daidai. To, kai mai karanta wa jama'a jarida wurin mai shayin tasha, in ka kawo nan ka ɗaga murya, har na bayan benci su ji. Nomau bai ruɗe ba. Zangarniya yab ba ni, cike da tsaba. Ni Lawwali, ni nik kai kara.