Yadda Na Raba Mahaifiyata da Bakin Kwalta

Shekarun baya can, ina sabuwar malama a wata firamare a Sabon Gari, na yi wani yaƙi da mahaifiyata. Har yau in na tuna sai in yi dariya, sai kuma gabana ya faɗi.

Ƙauyenmu yana gaba da Samaru, babbar hanyar Funtuwa ta raba shi biyu. Direbobi in sun sha cunkoso a Samaru, da sun samu sarari a kanmu suke hucewa. Ga shi da kaka matan garinmu a gefen kwalta suke shanyar barkono, don tana da zafi kuma ba ƙasa. Mahaifiyata kuwa ita ce kan gaba.

Wata Asabar da rana na sauka daga bas, na hango ta a duƙe ita da maƙwabciyarmu suna juya barkono da tsintsiya. Sai ga wata babbar mota ta fito za ta wuce tirela, ta yi kiciɓis da wata, direba ya kwaso gefen hanya. Ban san lokacin da na yar da jakata ina ihu ba. Mahaifiyata ta faɗa rami, ta tsira da ƙujewa. Maƙwabciyarmu kuwa ƙafarta ta karye wuri biyu.

Washegari da muka taso daga sujada a coci na nemi Mama na rasa. Ina take? Bakin kwalta, da tsintsiyarta.

"Haba Mama! Jiya-jiya fa!"

"Tsautsayi ba ya wuce ranarsa," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ai an ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta..."

"Ni ba ni da gemu, Malama. A tsakar gida zan shanya, kaji su tone, awaki su tattake, ƙasa ta shiga? Wa zai saya? Barkonon kwaltar nan shi ya kai ki makarantar da kike yi mini wa'azi da ita."

Na yi kuka, na yi fushi, har da fasto na haɗa ta. Ta ce to, to. Ina komawa Muchia, unguwar da nake zaune, ta koma shanyarta. Ko waya ta yi ƙara ina aji sai in ce shi ke nan. Daga baya na gane gaskiyarta ce, ba ta da wurin shanya. Na ce ko hannuna zai cire sai na yi mata.

Akwai fili a bayan gidanmu. Na sa aka zuba jar ƙasa da marmara, na aro madaɓi, itacen nan da ake bugun daɓe da shi. Ni da ban taɓa riƙe abin da ya fi alli nauyi ba! Asabar uku ina bugu, tafin hannuna ya ɗuri ruwa. Da daɓen ya bushe sai ya tsattsage kamar faso. Na tone na sake.

A Asabar ta huɗu ta zo ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

"Wannan daɓe ne ko kaftu?"

Na ci gaba da bugu.

"Ruwa ya yi yawa. Ina makubarki? Tabɗi! Ke, ba ni nan, kada a ce 'yata ce ta yi wannan abin kunya."

Abin da kukana ya kasa, mugun aikina ya yi. Kafin la'asar ta tara matan zumunta na cocinmu, kowa da madaɓinta. Maƙwabciyarmu ma ta dogaro sanda ta zo, ta zauna a kan turmi tana kula da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa da ke sa daɓe ƙarfi da baƙi. Suna bugu suna waƙa, ni mai aikin aka mayar da ni ɗiban ruwa.

Da ya bushe, baƙi sumul, muka kewaye shi da kara saboda awaki. Maƙwabciyarmu ta ce, "Ni zan fara shanya a nan. Ai na biya da ƙafata." Mahaifiyata ta tashi, ta kinkimo buhun matar, ta baje mata da hannunta.

Hanyar nan har yau ba ta yi sauƙi ba, motoci ma ƙaruwa suka yi. Wasu matan sun yi nasu daɓen, wasu suna nan bakin kwalta, kuma ban daina bin su da magana ba. Sai dai na koyi cewa in za ka ce wa mutum ya tashi daga wuri, fara nuna masa inda zai zauna.

Mama ta tsufa yanzu, amma duk kaka sai ta kira ni ta yi mita: wai kwalta kwana huɗu take busar da barkono, daɓena sai ya ci sati. Nakan ce, "Yi ta yi, Mama, ina jin ki." Don in riƙa jin muryar nan na yi daɓen.