Gidan da Na Shiga da Kambas

Ba don sha'awa na fara gudu ba. An ce za a ɗauki ma'aikatan kaki, har da mata, kuma duk wanda ya je sai ya yi gwajin gudu. Ni kuwa tun da na gama sakandare nake zaune a gida, daga wanke-wanke sai barcin rana. Na ce wa Innata zan nema. Ta ce, "Ke da ko aike sai an yi miki magana sau uku?" Daga baya ta yarda, amma da sharaɗi: in fita bayan sallar asuba, in dawo kafin rana ta fito, kada kuma kowa ya shigo mata gida da maganata. Ranar da aka kawo magana, gudu ya ƙare.

Na sayi takalmin kambas na gwanjo. Hijabi har gwiwa, wando a ciki. Daga unguwarmu, Limancin Kona, nake bin lunguna in fita titi, in nufi Ƙofar Doka, in juyo.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne gudu yana tayar da ciki. Ina tsammanin numfashi ne zai dame ni, ko ƙafa. Ashe hanji ne. Sai na yi nisa da gida zan ji ya murɗa, zufa mai sanyi ta keto min, komai ya sauko ƙasa lokaci ɗaya. Na daina cin ɗumamen da Inna ke tura min kafin in fita. Na rage yaji da dare. Ina tashi da wuri in tsuguna a banɗaki in jira, shiru. Sai na kai titi yake tuna ni.

Abin da ya cece ni shi ne ni mace ce. A cikin birni namiji ne ke tsayawa a zaure yana rafka sallama. Mace kuwa ta yi sallama ta wuce ciki, ta ce za ta kewaya, a nuna mata buta, ba mai tambayarta 'yar gidan wa ce. Sai dai ba na shiga gida ɗaya sau biyu, don kada a gane fuskata.

Wata safiya abin ya kama ni da ƙarfin da bai taɓa yi ba. Ko tafiya sai da na matse ƙafafu. Na ga wani gida a buɗe, maza tsirari a kan tabarma a gefen zaure, kawunansu a ƙasa. Na ɗauka wuridin bayan asuba suke yi. Na wuce ta gabansu na faɗa ciki.

Tsakar gidan cike da mata, an shimfiɗa tabarmi, ba mai magana. Ba wuta a murhu. Wata na share hawaye da bakin mayafi. Kafin in buɗe baki wata dattijuwa mai carbi ta matsa min wuri ta ce, "Zauna nan, 'yar nan. Har kin ji? Allah ya ba da lada."

Na zauna. Me zan ce? Na ce, "Ya haƙuri?" Suka amsa gaba ɗaya. Ban san wa ya rasu ba. Na danna dunduniyata a ƙarƙashina na zauna a kanta, ina kallon wani kwano da aka kife a bakin rijiya. Ban ji tausayi ba, ban ji tsoro ba, cikina kawai nake ji. Na ɗaga ido ina neman makewayi. Ga shi can a kusurwa, amma an yi masa labule da zannuwa, mata biyu na miƙa bokitai ta bayan labulen. Can rariyar gidan take, can ake wanke gawar.

Dattijuwar ta dubi kambas ɗina da ban cire ba, ta dubi goshina. Ta sunkuyo ta ce a hankali, "Ke ba gaisuwa ce ta kawo ki ba."

Na ce, "A'a, Hajiya. Zawo ne."

"Subhanallahi. Za ki iya kaiwa gidan maƙwabta?"

"Ko zaure ba zan kai ba."

Ta miƙe da ƙyar, ta kama hannuna kamar mai rarrashin wadda kuka ya ci ƙarfinta, ta shigar da ni wani ɗaki ta saki asabari. Gadon ƙarfe ne a ciki, an yaye shimfiɗarsa. Warin magani da turaren wuta. Ta sa ƙafa ta jawo wani fo na roba daga ƙarƙashin gadon, irin wanda ake ajiye wa mara lafiya.

Ta ce, "Na yayata ne. Ita ce ake wa wanka. Ta gama da shi, yi abinki."

Na yi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ba ni baya, tana jan carbi da ɗan ƙarfi don kada na waje su ji. A jikin bango akwai ƙusa, an rataye hijabin mamaciyar, ga silifas ɗinta a jere a ƙasa. Su na yi ta kallo har na gama. Ta miƙo min buta ba ta waiwayo ba.

Na ce zan fitar in wanke. Ta ce, "Ki ratsa mutane da shi? Rufe ki tura ƙarƙashi. Sai an fita da ita." Ta ƙara da cewa, "Kuma ba a shiga gidan rasuwa a fita a guje kamar an ga dodo. Ki zauna."

Na koma tabarma. Aka gama wanka, aka sa likkafani, maza suka shigo da makara suka ɗauka. Mata suka fashe da kuka, ni ina zaune a tsakiyarsu kamar turmi. Da aka ɗage labule na ɗauko fo ɗin a ƙarƙashin hijabina, na zubar, na wanke shi da toka, na kife. Na fito rana ta take.

Ban kai gida ba labari ya riga ni. Wata maƙwabciyarmu, ashe tana cikin matan, ta shigo wa Inna da yabo: 'yarki mai hankali, da sassafe ta zo gaisuwa, har aiki ta kama. Inna ta yi mata godiya, ta raka ta zaure, ta dawo ta tsaya a kaina.

"Wa kika sani a gidan?"

Na gaya mata komai, har fo ɗin. Ta ce, "Allah ya jiƙan baiwar Allah. Titi kuma kin gama da shi."

Na ce, "Ai yabo ta kawo, Inna."

"Yau yabo ne. Gobe fa?"

Ban yi gardama ba, ba ni da ƙarfinta. Na koma zagaye tsakar gidanmu, daga rijiya zuwa turken akuya, in dawo, kaji na watsewa. Banɗaki na nan kusa, kuma ko sau ɗaya ban buƙace shi ba. Ranar gwajin aka jera mu a wani babban fili, aka busa usur. Tun zagayen farko na gane tsakar gida ba fili ba ce. Ina cikin na ƙarshe. Wani mai kaki ya nuna mana ƙofa da sanda, muka fita, na tari keke mai ƙafa uku na koma gida.