Takardar Likita da Kujerar Masallaci

Da jiya tana dawowa, abu ɗaya zan fara gyarawa: ranar da na ce wa likita na gane, alhali ko kalma ɗaya ban gane ba. Wannan ƙaryar ta ci mini shekara biyu, ta kuma raba ni da sujada.

Ni ɗan goro ne a Agege, cikin Ikko. Karatuna na boko a aji shida ya tsaya, amma a layin rumfunanmu hakan ya isa a riƙa ce mini Bature. Duk wanda aka aiko wa takarda daga mai gida ko daga hukuma, ni yake kawo wa in karanta. Na saba a tambaye ni, ban saba in tambaya ba.

Tumbi kuwa a wurinmu shaida ce. In ka je gida da sallah ba ka da shi, sai a ce Ikko ba ta karɓe ka ba. Don haka na yi kiwon nawa da kyau. Da safe burodin Agege guda da shayi mai kauri, da rana amala malmala uku da lemon kwalba, da yamma tsire. Masallacin da ke bayan layinmu ma a okada nake zuwa.

Da haki da ciwon gwiwa suka dame ni, na je wani asibiti a Ikeja. Likitar, wata Bayarabiya mai fara'a, ta zagaya ƙuguna da awo kamar tela. Ta yi ta bayani da Turancin da ban taɓa ji ba, ta rubuta wasu kalmomi uku a takarda ta ja musu layi: sedentari, bisaral, metabolizim. Ta tambaye ni ko in kira wanda zai fassara mini. Na gyara hula na ce babu buƙata. Ina isa gida na cusa takardar a ƙasan akwati.

Tumbi ya ci gaba da aikinsa. Ruku'u ya fara yi mini wuya, sannan sujada ta gagara, domin da na sunkuya sai numfashina ya ɗauke. Ladan ya kawo mini farar kujerar roba ya ajiye a ƙarshen sahu. Ni da na yi shekaru a bayan liman, na koma yin ishara da kai a gefen bango. Aminina, wanda rumfarsa ke jikin tawa, ba ya raga mini.

"Alhaji, wata nawa ke nan? A gaya mana da wuri mu tanadi ragon suna."

Ina dariya, amma abin yana cina.

'Yata ta biyu, wadda aka haifa a nan take kuma karatun jinya, ita ta tono takardar wata rana tana nema mini katin asibiti. Ta zo ta durƙusa a gabana da ita a hannu.

"Baba, tun yaushe wannan take nan?"

"Turancin likitoci ne, ba na mutane ba," na ce.

"To ai ni ma mutum ce, Baba. Me ya hana ku tambaye ni?"

Na ce ta karanta mini. Ta ce kalmar farko tana nufin mutumin da ke wuni a zaune. Ta biyu kitse ne, ba na ƙarƙashin fata ba, wanda ke naɗe hanji da hanta, irin wanda nake gani mahauta suna yayewa a kwata. Ta uku kuma yadda jiki ke ƙona abinci ne, kamar murhu: in an cika masa itace ba a hura ba, sai hayaƙi.

"Duka-duka abin ke nan?" na ce. Abin da na ɓoye shekara biyu, ta warware shi kafin shayina ya huce.

Muka koma wurin likitar tare, na ba ta haƙuri, ta tsara mini abin yi. Bayan sallar asuba nake bin gefen titi da ƙafa. Ranar farko ban kai gidan burodi na biyu ba na zauna a kan dakali ina haki. Burodi ya koma yanka biyu, sukari ya fita daga shayi, ruwa ya maye gurbin lemo. Malmala ɗaya, miyar ganye da yawa, wake da kifi. Na sallami mai okadana.

Yunwa ba ta ba ni wuya kamar bakin mutane ba. Da riguna suka fara yi mini yawa, aka ce Alhaji ya karye. Wasu suka zo dubiya. Uwargidana ta yi fushi, wai maƙwabta za su ce ba ta iya ciyar da miji ba, har ta riƙa ɓoye mini nama a ƙarƙashin ganye. Sau biyu na kai wa tela wandunana ya rage.

Wata Juma'a, wajen wata tara da farawa, na shiga masallaci na wuce kujerar ban dube ta ba. Na tsaya a sahu. Liman ya yi kabbara, na yi ruku'u, na tafi ƙasa. Goshina ya taɓa darduma, numfashina yana shiga yana fita lafiya lau. Na ji ƙanshin ƙurar dardumar nan da na manta, hawaye suka zubo mini.

Da aka sallame, aminina ya leƙo ya dubi cikina.

"Ashe an sauka! Mace ko namiji?"

"Tagwaye," na ce, "kuma kai ne mai yanka."

Da hannuna na ɗauki kujerar na mayar wa ladan.

Roƙona ga mai karatu, musamman dattijo irina da aka saba girmamawa: in an faɗa maka kalmar da ta fi ƙarfinka, ka ce ba ka gane ba, ko da 'yar cikinka za ka tambaya. Kada ka ninke takardarka ka sa a akwati kamar yadda na yi.