Inci Huɗu a Gidan Baba Ashafa

In ka shiga lungun bayan masallaci a Koki, ƙofa ta uku, za ka tarar da wani tsoho zaune cikin ɗaki, jerin bulo uku a bakin ƙofarsa kamar an yi masa shinge. Baba Ashafa ke nan, mai wankin hula. Shekara arba'in yana sana'ar, a ɗakin da aka haife shi.

Gidan zaure ɗaya ne, amma ciki unguwa guda ce. Duk ɗan da ya yi aure, a yanki tsakar gida a yi masa ɗaki da bayi. Ruwan wanka, na wanke-wanke, na alwala, duk rariya ɗaya yake bi, ita kuma ta gaban ɗakin Baba ta wuce, don nan ne gangare.

Bara aka zo gina babbar kwata a bakin titi. Wani injiniya ya riƙa bi ƙofa-ƙofa, don ya san girman bututun da zai haɗa kowane gida da kwatar.

"Baba, mutum nawa ne a gidan nan?"

"Subhanallahi! Ɗan nan, mutane zan ƙirga maka kamar awaki? Gida ɗaya ne."

"Kamar nawa dai, Baba?"

"Mu kaɗan ne. Allah dai ya ƙara."

Ba ƙarya ya yi niyya ba. Haka ya taso: ba a faɗin yawan iyali, kar baki ya kama su. Injiniya ya rubuta abin da ya ji, aka sa bututu inci huɗu, aka zuba kankare a kai.

Mutum sittin da uku fa! Inci huɗu!

Tun daga nan, da safe in 'yan makaranta suka fara wanka, ruwa sai ya dawo da baya, baƙi ƙirin, ya shige ɗakin Baba. Ran farko hulunan mutane goma sha ɗaya ya ɓata. Masu kawo wanki suka janye. Ya sa aka ɗora bulo jeri ɗaya a ƙofa, damina ta zo aka ƙara biyu. Yanzu gwiwarsa ba ta iya tsallakawa, ko Juma'a sai mutum biyu sun ɗaga shi.

Sayar da gida? Na gado ne, magada sun fi talatin. 'Yarsa Safiya da ke aure a Mandawari ta ce ya koma wajenta.

"In bar ɗakin ubana saboda ruwan wankan jikoki? Ke ma dai!"

Ita ta yi ta sintiri har ta kawo injiniyan. A gabansa ta tsaya tana lissafo mutanen gidan sashe-sashe, Baba ya toshe kunne yana ta "masha Allahu".

Injiniya ya riƙe baki. "Hajiya, da haka aka faɗa min ai inci takwas zan sa. Yanzu an rufe aikin layin nan, fasa kankare sai an ba da sabon aiki."

"Yaushe?"

Ya tattara takardunsa ya fita.

Ranar Asabar aka yi suna a gidan, 'yan biyu. Na leƙa na yi wa Baba barka. Ya ce Allah ya raya, Allah ya ƙara. Har na juya ya kira ni.

"In ka ga magini a hanya, ce masa ya zo da bulo huɗu, a ƙara jeri."